Igiyar Ammu Haliru

A Wad Madani, bayan masu dafa ful,
kafin ka shiga layin maɗinka,
akwai igiya daga reshen darbejiya zuwa ƙusar bango.
Ba tufafi ake shanyawa a kai ba.
Mujallun zane ne, kowace da ɗan iccen da ya cije ta,
iska na bubbuɗe su
kamar tana neman inda ta tsaya jiya.

Ammu Haliru ne mai igiyar.
Girshi ɗaya, kwana biyu.
Ka yaga bango, in ji shi, kunnenka ya biya.

Ni ɗan mai wanki ne daga Mai Wurno,
Larabcina bai gama nuna ba tukuna,
sai hoto ya riƙe mini hannu
ya tsallakar da ni inda kalma ta yi zurfi.

Wani mako kaboyi nake ɗauka,
garin da ba alƙali, doki ya fi mai shi hankali.
Wani mako mai binciken kisa,
kwalar rigarsa a tsaye, ruwan sama bai taɓa ɗauke masa ba.
Akwai waɗanda suka sauka a duniya mai wata uku
suka tarar ciyawa ce ke mulki.
Akwai soja a rami yana rubuta wa uwarsa ƙarya mai daɗi.
Akwai ta ban tsoro, wadda na tura ƙarƙashin katifa
na kwana uku ban iya zagayawa bayan isha ba,
har Inna ta jiƙa mini sabara, wai ciki ne.

Yayata Mariyatu takan matse mini girshi a tafi:
ka karɓo ta soyayya, ka ce maƙwabciya ce ta aike ka.
Matan ciki hawayensu kamar dabino, guda guda.

Mai mayafi a kafaɗa, mai tashi sama, shi ma yana nan,
amma kwano ɗaya ne a cikin tire.
Kuma ko shi bai san abin da gobe za ta mai da shi ba:
yau ya kama ɓarawon agogo,
jibi tsafi ya mai da kansa na tururuwa,
gata yana tsaye a kotu, wandonsa ja,
yana rantsuwa ba shi ya fasa tagar ba.

Shekaranjiya jikana Muzammil ya miƙo mini waya.
Kala ta yi kyau, ban musa ba.
Na shafa, na shafa:
ƙwanji, ƙwanji, haƙora a cije,
bene na faɗuwa kan bene.
Duniya za ta ƙare ranar Laraba,
ta sāke ƙarewa wata mai zuwa.
Na ce, ina mafarin labarin?
Ya ce sai na karanta arba'in kafin in gane wannan.
Na ce, ba mai doki? Ba mai kuka a tasha?
Ya yi dariya, ya ce Kaka, wa zai saya?

Ban ba shi amsa ba.
Tuwo ma abinci ne.
Amma mu mun ga tiren kafin a kwashe kwanuka.

Ammu Haliru ya daɗe da komawa.
Zuwana na ƙarshe ƙusar tana nan,
wani yaro ya rataya rigunan waya a kai.

Da muka buɗe akwatin Mariyatu bayan sadakar bakwai,
ƙarƙashin turaren wuta da zanen aurenta,
ga guda ɗaya da ba mu mayar ba.
Mace da jaka a bakin jirgin ƙasa, ƙafa ɗaya a matakala.
Shafin ƙarshe gara ta cinye.
Ban san ko ta hau ba.

Girshi ɗaya, kwana biyu,
shekara hamsin da 'yan kai.
Muzammil, ajiye wayar nan,
zo ka lissafa mini bashin.